Munka da Muka

A shekarar 1986, lokacin da Birnin Kebbi take ƙaramar hukuma kawai a cikin Jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata sakandare da safe. Bayan la'asar kuma sai in shimfiɗa tabarmi a zauren gidan da nake zaune a Badariya, in karantar da waɗanda jarrabawar share fagen shiga jami'a ta kayar. Sunana Abdussamadu, amma ɗalibai Malam Jan Biro suke ce mini a bayan idona, kuma maganar gaskiya sunan yana yi mini daɗi. Tarihi nake koya musu, da Adabin Turanci, da Ilimin Addinin Musulunci, domin su ne darussan da suka saba karya yaranmu. Hausa kuwa, duk da ita na karanta a jami'a a Kano, babu wanda ya taɓa zuwa neman taimako a kanta. Wa zai buɗe baki a Birnin Kebbi ya ce Hausa ta fi ƙarfinsa?

Wata ranar Talata ina cikin bayanin daular Sanghai sai wani dattijo ya yi sallama. Gajere ne kakkaura, da tsagen Kabawa a kumatunsa, yana riƙe da kwandon bandar kifi. A bayansa ga wani dogon saurayi yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata. Dattijon ya ce sunansa Maigandi, masunci ne daga Argungu, wannan kuma ɗansa ne Riskuwa.

Na sallami ɗalibai, muka zauna. Maigandi ya yi mini bayani dalla-dalla. Riskuwa ya yi shekara biyu a Sakkwato yana share fage, ya zauna jarrabawar darussa uku, ya ci biyu da kyau, ɗaya ta kayar da shi. Jami'a ta riga ta ba shi gurbin karatun lauya, kuma ta yarda ta ajiye masa shi shekara ɗaya. Sau ɗaya tak ake yarda mutum ya maimaita. In ya ci, ya shiga. In ya sake faɗuwa, gurbin ya tafi ga wani, shi kuma ya koma gida. A duk zuriyarsu babu wanda ya taɓa kaiwa ko da ƙofar jami'a. Dattijon ya ce ya san Turanci ne ya kayar da yaron, kuma bai ga laifinsa ba, tunda harshen wasu ne.

Na karɓi takardar sakamakon. Tarihi ya yi kyau ƙwarai, Addini ma haka. Na kai layi na uku, na cire tabarau na goge, na mayar. Na dubi Riskuwa, ya ƙara sunkuyar da kai. Ashe wata biyu ke nan ya kasa faɗa wa ubansa gaskiya.

Na ce, "Baba, ai ba Turanci ba ne. Hausa ce ya faɗi."

Maigandi ya yi dariya, ya zaci irin zolayar malamai ce. Da ya ga ban dara ba, sai dariyar ta tsaya masa a baki. Ya dubi ɗansa, ya dubi takardar da ba ya iya karantawa, ya sake dubana.

"Malam, duba da kyau. Yaron ga tun da anka haihe shi bai taɓa yin wata magana ba in ba ita ba. Da mi shika gaishe ni kullum?"

Ni kaina kaina ya ɗaure. Na miƙa wa Riskuwa takarda da biro na ce ya rubuta mini shafi ɗaya a kan shekarar da gulbi ya yi ambaliya a garinsu. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Rubutun kuwa, ban taɓa ganin ɗalibi ya tsara labari haka ba, har kana jin ƙarar ruwan yana shiga rumbuna. Amma daga layin farko na gane ciwon. Munka tashi, sunka gudu, anka kwashe. Yac ce, tac ce. Hwarin wata, lahiya lau, gidanai. Yadda yake magana a bakin gulbi haka ya zuba a takarda, ko ɗigo bai rage ba. Na zaro jan biro na hau kansa. Da na gama na ƙirga zane saba'in da huɗu a shafi ɗaya.

Na yi wa Maigandi bayani cewa akwai abin da ake kira Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubuta littattafai da jarida da ita, kuma ta fi kusa da bakin Kano. Ita masu jarrabawa suke so. A wurinsu muka ake rubutawa, ba munka ba, kuma duk munka ɗaya maki ne ya tafi. Dattijon ya juya hularsa a hannu. Can ya tambaye ni a hankali ko ke nan tasu Hausar ba daidai ba ce. Na ce a ɗakin jarrabawa dai ba daidai ba ce. Ya gyaɗa kai, ya tura mini kwandon kifin, ya ce ga yaro nan, in yi masa duk abin da ya kamata.

A nan ya kamata in faɗi abin da ban faɗa wa Maigandi ba. Ni ɗan Zauro ne, iyayena manoman shinkafa ne, kuma da munka na tashi kamar kowa. Makona na farko a jami'a a Kano, malami ya yi magana ban ji ba, na ɗaga hannu na ce, "Mi kac ce?" Aji ya ɗauki dariya har da masu buga tebur. Shekara uku ana kirana Mikacce. Na zauna na kankare bakina da gangan, kalma bayan kalma, har ya zama in na yi magana a tashar mota sai a tambaye ni ko daga Fagge nake. Ina alfahari da wannan. Don haka da na ga shafin Riskuwa, ba tausayi kaɗai na ji ba, har da haushi, irin haushin da mutum yake ji in an nuna masa tsohon hotonsa da tsummokara.

Riskuwa ya sauka a wurin wata gwaggonsa a cikin gari, muka fara. Wata bakwai muke da su. Kullum shafi biyu zai rubuta, kullum in yi musu wanka da jan biro. Saba'in da huɗu suka koma hamsin, suka koma talatin, daga nan suka tsaya cak. Na lura da la'asar nake gyarawa, da dare ya je cikin 'yan'uwa ya kwaso abinsa ya dawo da shi. Sai na kafa masa doka: daga yau har ranar jarrabawa, ko a aji, ko a kasuwa, ko a gaban iyayensa, ba zai sake yin magana da bakin Kabi ba. Ya ce to. Yaro ne wanda in ya ce to, to ɗin ke nan, kuma a lokacin na ɗauka wannan babbar sa'a ce na yi.

A manhajar jarrabawar akwai wani sashe a kan karin harshe, wato yadda Hausa take bambanta daga gari zuwa gari. Na duba tambayoyin shekara shida da suka wuce, ban ga ya fito ko sau ɗaya ba. Na ja masa layi na ce wa Riskuwa ya manta da shi. Waƙa da zube da wasan kwaikwayo kuma na riƙa cewa sai mun gama da rubutu tukuna. Rubutun kuwa bai taɓa ƙarewa ba, don haka sama-sama muka taɓa su.

Cikin wata na huɗu wani abokin aikina ya yi suna a Argungu, na hau babur ɗina Besfa na tafi. Bayan an watse na ce bari in biya in gaida Maigandi, tunda Riskuwa ma ya je gida hutun mako. Ina isa unguwar na ji samari a bakin wani shago suna kiran wani Alhaji Ne-ce suna shewa. Ashe ɗalibina ne yake wucewa, suna tsokanarsa da ne da ce na bakin Kano da ya koma yi, ko waiwaye bai yi ba. A gidan, mahaifiyarsa Baiwa ta gaishe ni ta bayan zana, ta ce ta gode da na aiko mata baƙon Kano, sai dai ba ta san irin tuwon da suke ci ba. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da muka keɓe, Maigandi ya ce yaron ya zama kamar kurma a gidan. A da shi ne mai ba su labari har a manta da tuwo a wuta, yanzu in an tambaye shi abu sai ya tsaya ya auna kalma kafin ya fitar, wani lokaci ma ya fasa. Ya ce ran nan kakarsa ta yi masa magana, ya amsa, tsohuwar ta fashe da kuka ta ce wannan ba jikanta ba ne. Na ce masa a yi haƙuri, saura wata uku. Ya ce ai ba ƙara ya kawo ba, in dai wannan ne maganin, za su shanye. Na koma Birnin Kebbi ina jin kaina kamar wani babban likita.

Aiki ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Saura wata ɗaya, Riskuwa yana kawo shafi huɗu in rasa inda zan sa biro. Sai wata rana, a layin ƙarshe na wani dogon insha'i mai kyau, na ci karo da anka guda ɗaya. Ɗaya tak. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na jefa masa littafin a gaban sauran ɗalibai, na ce masu jarrabawar nan ba 'yan'uwansa ba ne, sun san bakinmu, kuma tarko suke ɗana wa irinmu don su kama mu. Na ce za su lallaɓo shi ta inda bai zata ba.

"Ka ji ni da kyau. Ko wuƙa aka sa maka a wuya aka ce ka rubuta munka a takardar nan, kada ka rubuta. Ko su da kansu suka roƙe ka."

Ya ɗauki littafinsa ya kaɗe ƙura, ya ce in Allah ya yarda ba zai sake ba. Ni kuwa kafin magariba na manta na faɗi haka. Faɗan malami ne, irin wanda nake yi sau goma a mako.

A nan Birnin Kebbi aka yi jarrabawar masu maimaitawa, a babban ɗakin taron wata kwaleji. Ran takardar Hausa na nemi izini a makaranta, na je na kafe Besfa a gindin dogon yaro a bakin ƙofa. Ƙarfe goma sha biyu suka fara fitowa. Na hango Riskuwa tun daga nesa saboda tsayinsa, yana tafe yana murmushi, abin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini takardar tambayoyin.

"Malam, sun ɗana tarkon kamar yadda ka ce. Tun a tambaya ta farko. Amma ban faɗa ba."

Na buɗe. Tambaya ta ɗaya, an rubuta a kanta da manyan baƙaƙe cewa dole ce, kuma maki talatin gare ta. An kawo wani ɗan sakin layi a Daidaitacciyar Hausa, aka ce ɗalibi ya sake rubuta shi da karin harshen garinsu, sannan ya nuna bambanci goma tsakanin biyun.

Na karanta sau uku. Na dafa sirdin babur. Tambayar da ba ta fito ba shekara shida, ga ta a gaba, kuma a duk ɗakin nan babu wanda aka yi ta dominsa kamar Riskuwa. Na tambaye shi me ya rubuta. Ya ce ya kwafe sakin layin yadda yake, harafi da harafi, a ƙasa kuma ya rubuta cewa babu bambanci. Ya ce ya ga na kusa da shi, wani ɗan Augie, ya duƙufa yana zuba munka da sunka, har ya ji tausayinsa.

Ya tsaya yana jiran yabo. Ya kamata in faɗa masa a wurin. Ban iya ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce ya je ya huta, Allah ya ba da sa'a. Tsoro ne kawai, babu wani suna da zan ba shi.

Wata biyu aka yi ana jiran sakamako. Na riƙa lallashin kaina cewa saura maki saba'in, arba'in kawai ake nema, kuma rubutunsa tsaf yake. Sai in tuna waƙa da zube da muka yi ta ɗagawa, lallashin ya rushe. Kifin da Maigandi ya sake aiko mini ma na kasa ci, maƙwabta na raba wa.

Ran da sakamako ya iso ni na fara zuwa kwalejin. Talatin da shida. Na tsaya a gaban allon har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Na karɓi takardarsa na ce ni zan kai, domin in wani ya kai masa, ban san da wane ido zan sake kallon kowa a Argungu ba.

Na same su da hantsi a bakin gulbi, uba da ɗa, sun baza taru a kan rairayi suna ɗinke inda ya yage. Riskuwa ya gan ni ya miƙe da sauri, fuskarsa a sake. Ban yi doguwar gaisuwa ba, na miƙa masa. Ya duba. Ya juya takardar ya duba bayanta, kamar akwai wani sakamakon a can. Sannan ya ce kuskure aka yi, lalle takardar wani aka haɗa da sunansa. Ya rantse da Allah babu munka ko ɗaya a cikin abin da ya rubuta, ya bi layi-layi sau biyu kafin ya miƙa. Ya ce in zo mu tafi Sakkwato yanzu a buɗe a gani.

Na ce ba kuskure ba ne. Na zauna a kan rairayin da rigata ta zuwa aiki, na faɗa musu komai. Tambaya ta ɗaya ba tarko ba ce, tambaya ce ta gaskiya, kuma abin da aka ce ya yi shi ake so ya yi. Sashen da ta fito daga ciki ni na soke shi. Maganar wuƙa kuma ni na faɗa cikin fushi, ban taɓa zaton za ta kai nan ba. Na ce tun ranar jarrabawa na sani, na yi shiru.

Bakin Riskuwa a buɗe yake kaɗan, yana kallona kamar yau ya fara ganina. Maigandi ne ya ajiye allurar taru.

"Tsaya, Malam, in gane. Bara kac ce ya hwaɗi don ya rubuta Hausammu. Bana kau?"

"Bana don ya ƙi rubuta ta."

Ya tambaya ko akwai karo na uku. Na ce babu. Ya tambaya ko gurbin fa. Na ce ya tafi. Ya yi salati a hankali, ya daɗe yana kallon ruwa. Na zaci zai zage ni, kuma wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Maimakon haka sai ya ce yana so ya ji wannan tambaya da ta fi ƙarfin ɗansa. Takardar tana aljihuna, wata biyu ina yawo da ita. Na warware ta na karanta masa umarnin, sannan na fara sakin layin.

"Da ruwa ya janye, sai muka sauka fadama."

Maigandi ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Da ruwa yaj janye, sai munka sabka hwadama."

Ya ce in ci gaba.

"Mahaifina ya ce kowa ya ɗauki fartanyarsa."

"Babana yac ce kowa shi ɗauki hauyatai."

Haka muka bi shi, ina karantawa yana mayarwa, jimla takwas, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutumin da bai taɓa riƙe biro ba ya gama kafin ya ɗinke rami biyu a tarunsa. Da na tsaya ya ɗago ya ce sai ina. Na ce ai ya ƙare.

"Shi ke nan? Wanga na maki talatin?"

Na ce shi ke nan.

Ya dubi ɗansa. Riskuwa ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa. Dattijon bai sake dubana ba. Ya jawo ɗaya bakin tarun ya ɗora wa yaron a cinya, ya ce masa ya kama daga can, rana tana yi.